Masu Gajeren Hanci

"Ba wannan ba, Glenna! Na can gaba na ce, kusa da fanka. Kunnenki ma ya yi ritaya ne?"

Rabin jikina na cikin bakin motar, sifana a hannu, baƙin mai ya kai mini har gwiwar hannu, shi kuwa Denzil yana hakimce a kujerar baranda yana ba da oda. Na ɗago na zabga masa harara.

"In ka iya, sauko ka yi da kanka."

"Da zan iya saukowa, direbar bas ɗin 'yan makaranta zan bari ta taɓa mini inji?"

Maganata ta yi mini ɗaci bayan ta fita, don ni da shi duk mun san ba zai iya ba. Tiyon iskar oksijin da ke maƙale a hancinsa ya taso ne daga na'urar da ke huci a falo, ya ratsa ƙofa, ya ƙare daidai bakin matakala. Iyakar duniyar maƙwabcina Denzil Mullins ke nan tun da ƙurar kwal ɗin da ya shaƙa a rami ta gama da huhunsa. Ko da tiyon ya kai tsakar gida ma, ma'aikaciyar jinya ta ja masa kunne cewa iskar nan ba ta shiri da fetur da tartsatsi, in ya kusanci inji da ita, shi da gidan za su tashi tare. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa kwance a ƙarƙashin wannan tsohuwar jif ya koma sai dai ya hange ta.

Na kwance fulogin guda shida ɗaya bayan ɗaya, na kai masa a tsumma. Ya jera su a kan katakon baranda yadda suka fito daga inji. Mazan kwarin nan namu ba su damu da jarida ba, amma babu wanda bai iya karanta fulogi ba. Ya ɗaga na farko ya juya shi a haske.

"Baƙi ƙirin," in ji shi. "Kin ga wannan kunkunniyar? Ba ciwo ba ne, zama ne. Motar da ake tayarwa ta yi ta gurnani a tsakar gida ba ta je ko'ina ba, haka cikinta ke komawa."

"Kai ka ce in riƙa tayar da ita kowace safiya."

"In ba a tayar ba, ta mutu gaba ɗaya."

"In an tayar kuma ta toshe."

"To ai kin gane."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya lanƙwasa shi har sai da na riƙe masa kafaɗa. Da ya lafa, idonsa na kan tsaunin da ke bayan gidansa.

Can a ƙolin tsaunin maƙabartar dangin Mullins take. Matarsa Oleta na can, kuma an bar masa wuri a gefenta. Hanya ɗaya ce ke hawa, kuma tun shekarar da ƙasa ta zaftare, akwai wani wuri da muke kira Maƙoshi inda dutse ya matse ta ta hagu, rami ya buɗe baki ta dama. Motar gawa ba ta ko tunkarar wurin. Manyan motocin zamani sun yi faɗi, ƙananan baburan daji masu taya huɗu kuma ba sa ɗaukar akwati. A ɗauka a kafaɗa? Mazan da suka rage a kwarin duk tsofaffi ne, rabinsu da irin tarin Denzil. Abu ɗaya ne mai wucewa ta Maƙoshi da akwati a bayansa, shi ne jif ɗin nan siririya mai buɗaɗɗen baya, wadda fentinta ya ƙoƙe tun ina amarya.

'Yarsa tilo, Twila, tana aiki can nesa a jihar Ohio, kuma ita maƙabartar gari take so. Sun yi ta ja har suka yanke: in jif ta kai shi sama, shi ke nan, in ta gaza, gari. Saboda haka abin da nake kwancewa da ɗaurawa kowace safiya ba ƙarfe ba ne kawai, makwancin mutum ne, kuma hakan na ba ni tsoro fiye da yadda nake nunawa.

Ana cikin haka ƙararrawa ta kaɗa daga gidana.

"Je ki," in ji Denzil. "An ja tiyonki."

Mijina Cletis ne. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, ba ya juyawa sai da ni, magana kuma ta ɗauke. Na rataya masa tsohuwar ƙararrawar akuya a jikin gado. Iyakar inda nake zuwa shi ne iyakar inda nake jin ƙararrawar nan, kuma tsakar gidan Denzil ce bakin iyakar. Kwarin namu matsattse ne, tsauni dama tsauni hagu, rana ba ta leƙo mu sai hantsi ya yi nisa, da la'asar kuma ta tattara ta tafi. Ni da na yi shekaru ina zagaye lardin nan da bas, yanzu tafiyata daga gadon Cletis ce zuwa bakin motar Denzil, in dawo.

Ranar Asabar Hobert mai shagon kayan mota ya zo da kansa, don ya san babu mai iya zuwa gari a cikinmu. Tare suka yi aikin rami da Denzil, kafin inji ya cinye masa yatsu biyu ya koma tsaron kanti. Ya hau barandar yana haki, da leda a hannu.

"A'a, har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jiran in ci abincin zaman makokinka tukuna, Guntun Hannu. Me ka kawo?"

Hobert ya sunkuya ya dubi baƙaƙen fulogin da ke jere. Ya lakato ɗaya da babban yatsa, ya shafa a wandonsa.

"Masu zafi za ka saka. Inji ya tsufa yana shan baƙin mai, mota kuma na zaune. Sai fulogi mai zafi, ya riƙa ƙone dattin da kansa."

"Masu sanyi na ce ka kawo."

"Na ji, kuma na kawo. Amma ka saka su ka ci gaba da wannan gurnanin na safe, kafin wata Asabar sun fi waɗannan baƙi."

"To ka saka masu zafin naka," in ji Denzil, "ka ɗora mata kaya, ka hau Maƙoshi a ƙaramin giya inji na kuka. Me zai faru?"

Hobert ya sosa ƙeya. "Bakinsu ya yi jawur, ta fara ƙwanƙwasa. In ba a yi sa'a ba fistin ya huje."

"A tsakiyar hawa."

"A tsakiyar hawa."

"Da ni a baya."

Na ce, "Ku dakata. Ni fa na zaci mai zafi shi ne mai ƙarfi."

Suka kwashe da dariya su biyu, tsofaffin banza, ɗaya na tari ɗaya na haki.

"Babu ruwansa da ƙarfi, 'yar'uwa," in ji Hobert. "Mai zafi riƙe zafi yake yi, mai sanyi zubar da shi yake yi. Ɗaya na zama ne, ɗaya na tafiya."

"To a saka na tsakiya mana, kowa ya huta."

Denzil ya nuna katakon da haɓa. "Ga na tsakiyar nan kina gani."

Sai a lokacin na ga tarkon da muke ciki. In ana so motar ta rayu har ranar, masu zafi take so. In ana so ta kai shi a ranar, masu sanyi take so. Bakina kuma ba ya da birki, don haka na tambaya kafin in yi tunani.

"To yaushe ne ranar?"

Hobert ya mai da idonsa kan takalminsa. Na'urar iska na ta huci a falo. Denzil bai ji haushi ba, har ɗan murmushi ya yi.

"In na ji ta tafe zan gaya miki. Bar duka biyun, Hobert."

Hobert ya zazzage ledar, ya fara yi mini bayani da sauri don ya kore shirun. Wai kwalayen na kamfani biyu ne, kuma ɗaya in lambarsa ta hau zafi ne ya hau, ɗayan in lambarsa ta hau sanyi ne ya ƙaru. Na ce wane mahaukaci ne ya shirya haka?

"Zubar da kwalayen nan, za ka rikita mini ita," in ji Denzil. "Zo nan, Glenna. Manta da lamba. Leƙa ciki."

Ya riƙe guda biyu kusa da juna. A cikin bakin kowanne akwai ɗan farin tangaran da ya rungume ƙarfen tsakiya. Na ɗaya ya zuro dogo, na ɗayan a takure.

"Dogon hanci, zafi. Kamar ke. Gajeren hanci, sanyi. Kamar Oleta."

"Hancina ya fi ƙarfin bakinka."

"Shi na faɗa ai."

Na ɗaura masu dogon hanci a ranar. Masu gajeren hanci ya sa na zuba su a tsohon gwangwanin kofi, na ajiye a ƙarƙashin kujerarsa. Da na murza makulli jif ta tashi sumul, babu tari babu tangarɗa. Hobert ya tafa da hannunsa mai yatsu uku. Denzil ya lumshe ido yana saurare, kuma ban taɓa ganin fuskarsa ta kwanta haka ba tun rasuwar Oleta.

Haka muka ci sauran bazara. Kowace safiya in gyara Cletis, in kai wa Denzil kofi, in tayar da mota ta yi gurnaninta, ya ce ta isa, in kashe. Duk kwarin ya saba da ƙarar. Matan da ke can ƙasa kusa da coci sun ce da ita suke sanin lokacin ɗora wake.

Da lokacin kaka ya fara shiga, Twila ta zo. Ta tarar da ni ina goge hannu, shi yana saurarar inji.

"Baba, har yanzu wannan maganar?"

"Sannu da hanya, 'yata. Kin ji muryarta kuwa?"

"Na ji. Baba, a gari zan iya tsayawa duk wata in kawo maka fure. Can sama fa? Yaushe rabon da wani ya je wurin Mama?"

"Shi ya sa zan je," in ji shi. "Ta daɗe ita kaɗai."

Twila ta shige ciki ta bugo ƙofa, ƙofar ta matse tiyon, sai da na ruga na buɗe. Daga baya ta same ni a ɗakin girkina ina dama wa Cletis abinci.

"Anti Glenna, ke ce kike ƙara masa ƙarfin gwiwa."

"Ni fulogi kawai nake ɗaurawa."

"Kin san Maƙoshi. In motar nan ta mutu a hanya, juyawa za a yi. Ba zan tsaya ina kallon tsofaffi na jan akwatin ubana a cikin laka ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ya shiga rami ya bar mu da fargaba duk ƙuruciyata. Yanzu kuma zai hau inda ba zan iya zuwa ba."

Na shirya mata amsa mai zafi, sai na fasa. Yarinyar nan a bas ɗina ta girma, a kujerar da ke bayana, tana tambayata kullum ko na ji jiniyar rami ta yi kuka. Tausayinta ya kama ni, na zuba mata wake da burodin masara na ce ta ci.

Bayan ta koma Ohio, jikin Denzil ya fara zubewa. Kofin da nake kai masa ya koma yana sanyi a hannunsa. Zagin da yake yi mini ya ragu, kuma wannan ya fi komai damuna. Wata safiya da ganyen tsauni ya gama yin ja, na zo da makulli a hannu, ya ɗaga yatsa.

"Kar ki tayar. Jawo gwangwanin nan."

Na yi kamar ban ji ba.

"Glenna. Masu gajeren hanci."

"Yau ina da wanki."

"Glenna."

"Na ce ina da wanki! Kai kaɗai ne mara lafiya a kwarin nan?"

Na faɗa motar na murza makulli, na taka totur har ƙasa don kar in ji shi. Ina hango bakinsa na motsi ta cikin gilashi. Na bar ta tana ruri har sai da karnukan kwarin suka ɗauka, sannan na kashe na wuce gida ban waiwaya ba. Tsoro ne ya sa ni, ba komai ba. Na san in na taɓa gwangwanin nan na yarda ke nan, ni kuwa ban shirya rasa mutum ɗaya tilo da ke mayar mini da magana ba.

Washegari ban same shi a kujera ba. Yana kwance a doguwar kujerar falo, ya sa ma'aikaciyar jinya ta jawo ta bakin ƙofa yadda zai ga tsakar gida. Gwangwanin na kan cikinsa. Sai da na durƙusa na ji abin da yake faɗa.

"In kika bari sai na tafi, hannunki zai yi rawa. Ki cinye zaren inji. Ina so in ga an yi daidai."

"Kai dai ka cika son ba da oda."

"Na ƙarshe ne, Dogon Hanci. Yi haƙuri."

Na karɓi gwangwanin. Kowane fulogi sai na kawo masa ya leƙa hancinsa ya gyaɗa kai kafin in koma bakin mota. Ba ya iya ɗaga murya, don haka da ƙusa yake ƙwanƙwasa ƙofa: sau ɗaya na nufin ci gaba, sau biyu na nufin tsaya. Da hannu tukuna, sai ya zauna, sannan sifana, kamar yadda ya koya mini. Hawaye na ɗiga kan inji ina share su da tsumman mai, har fuskata ta yi dabbare-dabbare. Da na rufe bakin motar na dawo, ya dube ni ya ce na yi kama da wanda ya fito daga rami.

"Saurara," in ji shi. "Kar ki tayar da ita sai an ɗora ni. In kika tayar kuma, kar ki tsaya wa kowa. Masu gajeren hanci ba sa jira."

Ƙararrawa ta kaɗa daga gidana. Ya lumshe ido, ya ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya.

Da safiyar da ta biyo baya kwarin ya wayi gari tsit. Ban gaya wa kowa komai ba, amma kafin azahar mata sun fara hawowa da kwanukan abinci, mazansu na biye da hula a hannu. Sun ji safiya biyu a jere ba a tayar da jif ba, kuma hakan ya ishe su. Na kira Twila a waya, ta kamo hanya. Ta iso ta same shi da sauran numfashi, ta riƙe hannunsa. Da la'asar ɗin washegari, daidai lokacin da rana ke barin rufin gidansa, ya cika. Twila ta miƙa hannu ta kashe na'urar iska. Shekara da shekaru ina jin hucin nan ta tagata, ban san ya cika mini kunne ba sai da ya tsaya.

Ranar jana'iza matar Hobert ta zo ta zauna da Cletis. Na nuna mata yadda ake juya shi, na sake nuna mata, har ta kore ni. 'Yan'uwan Denzil daga wani lardi sun riga sun hau da baburansu sun haƙa kabari. Jif kuwa ban tayar da ita ba. Na saki birki, Hobert da wasu suka tura, ta gangara da kanta har ƙofar coci.

Bayan an gama sujada aka fito da akwatin, aka zura shi a bayan jif, aka ɗaure da igiya. Motar gawa da ta kawo shi daga gari ta tsaya a bayanmu, direbanta na jira, don Twila ta ce ya jira. Ita Twila ta hau gefena da baƙar riga, ta rungume jakarta. A al'adarmu ba a gudu da gawa. Mota na tafiya a hankali, mutane na biye a ƙafa suna waƙa har gindin tsauni, duk wanda aka haɗu da shi ya kauce ya cire hula.

Fasto ya ɗaga mini hannu, na murza makulli. Ta tashi. Na sa giya, sai ya sake ɗaga hannu, wannan karon na tsayarwa.

"Bari mu sake roƙa wa ɗan'uwanmu albarkar hanya."

Faston namu mutumin kirki ne, amma in ya kama addu'a sai wake ya ƙone. Kowa ya sunkuyar da kai. Inji na gurnani a ƙarƙashina. Ya yi wa Denzil, ya yi wa Oleta, ya shiga kan waɗanda rami ya danne. Sai na ji ta yi tuntuɓe. Ɗan ƙarami ne, kamar shaƙuwa. Na ɗan taɓa totur ta daidaita, ta sake yi. Baƙin hayaƙi ya fara fita ta baya. Na hango Hobert ya buɗe ido ɗaya yana kallona.

"Anti Glenna, mene ne?" in ji Twila ƙasa-ƙasa.

"Tana toshewa. Fulogin da ke ciki ba na tsayuwa ba ne."

"In ta mutu fa?"

"Ba za ta sake tashi yau ba. Ga motarki nan a baya."

Ban saka mata baki ba, Allah ya sani. Hannuna na kan giya, ƙafata na kan kuloci, amma ubanta ne, ba nawa ba. Ta waiwaya ta dubi motar gawa, baƙa, mai sheƙi, a shirye. Abin da take so ke nan tun farko, kuma ba sai ta ce komai ba, shiru kawai za ta yi na ɗan lokaci. Ta dubi akwatin da ke bayan kanmu. Inji ya sake tuntuɓe, motar duka ta girgiza.

"Taka," in ji ta.

"Fasto bai ce amin ba."

"Anti Glenna, taka!"

Na saki kuloci na taka. Tsakuwa ta watsu, mata suka yi tsalle gefe, wata ta saki kukan ban san na me ba. Ta madubi na ga fasto da hannu a sama baki buɗe, Hobert kuma na kaɗa hularsa yana ihu. Muka wuce gidajen kwarin da gudun da ban taɓa yi da bas ba. Jif na tari tana harbi ta baya, tana tari tana harbi, har muka kama gindin tsauni. Na mai da ita ƙaramin giya na danne totur. Inji ya ɗauki kuka, ya yi wani babban tari guda, hayaƙi ya turnuƙe, daga nan muryarta ta washe tas.

Hawan ya fi yadda na tuna tsayi. Tayoyi na haƙa laka suna kama dutse, akwatin na buga bodi, Twila ta juya ta dafe shi da hannu biyu tana cewa, "Yi haƙuri, Baba, yi haƙuri." Ina kasa kunne ko zan ji ƙwanƙwasar da Hobert ya faɗa. Babu. Da muka iso Maƙoshi ban dubi ramin ba. Dutse ya kankare madubin hagu ya tafi da shi, tayar dama ta baya ta zame, ƙasa ta zube ƙarƙashinta, na ji motar ta karkata. Ban ɗaga ƙafa ba. Ta yi ƙara, ta daddage, ta fizge kanta ta haye.

A ƙoli na kashe inji. Masu haƙa kabari suka taso da shebur a hannu suna kallonmu, mata biyu da akwati, babu fasto babu waƙa. Twila ta sauka ta zauna a ƙasa da baƙar rigarta tana kuka tana dariya. Ni na tsaya riƙe da ƙofar mota. Na manta akwai sararin sama mai faɗin haka. Tsauni bayan tsauni har iyakar gani, rana a buɗe ko'ina, kwarinmu a can ƙasa ɗan siririn tsagi mai duhu. Na kasa kunne don sabo, ban ji ƙararrawa ba. Daɗi ya kama ni, kunya ta biyo shi.

Aka hawo da fasto a bayan babur, ya ƙarasa addu'arsa, a gajarce. Aka sa Denzil a gefen Oleta. Twila ta cire ciyawar da ta rufe sunan uwarta da hannunta. Da muka tashi saukowa, ta miƙo mini makullin da na ajiye a kujera.

"Baba ya ce taki ce. Ya ce ke kaɗai kika iya zaginta ta ji." Sannan ta ƙara da cewa, "In na zo baɗi, za ki hawo da ni?"

"In an samu mai zama da Cletis," na ce.

Washegari da safe, bayan na gyara Cletis, na buɗe bakin motar a tsakar gidana. Na kwance fulogi na farko na ɗaga shi a haske. Babu baƙi ko ɗigo. Hancinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, kalar ɓawon burodin masara da ya gasu daidai. Na juya don in nuna wa baranda. Kujerar na nan, tiyon na kwance a kan katako, bakinsa a daidai matakala, ba a zo an kwashe ba tukuna.

Na daɗe a tsaye da sifana a hannu. Sannan na kwance sauran biyar, na ɗauko masu dogon hanci na mayar, da hannu tukuna, sai sun zauna, sannan sifana. Masu gajeren hanci na zuba su a gwangwanin kofi. Ƙararrawa ta kaɗa. Na shiga da gwangwanin a hannu, na ajiye shi a tagar ɗakin girki, ta ɓangaren da ke kallon tsauni, na wanke hannu na tafi juya Cletis.